Goge da Kukuma a Ƙasar Zamfara: Tarihin da Ba Mu Rubuta Ba

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Kaduna, Legas ko Abuja mun tashi da jin cewa goge kiɗan masha'a ne, ba a ambatonsa a gaban manya. Wannan hukunci yana da tarihinsa, kuma ya kamata 'ya'yan Anka, Gummi da Bukkuyum su san shi.

Ƙirar goge ba ta da wuya: ƙwarya ce a rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki, sai bakan da ake goga mata bayan an shafa masa ƙaro. Kukuma ƙanwarsa ce. Danginsa sun bazu a Afirka ta Yamma, domin Zabarmawa suna da goje, Buzaye suna da imzad wanda mata ke kaɗawa, Dagwamba na ƙasar Gana kuma suna da gonje. Abin lura shi ne, a Yendi gonje kiɗan fada ne, ana kaɗa wa Ya Na shi, ana jero sunayen sarakunan da suka gabata. Kayan kiɗa iri ɗaya, amma daraja daban.

A wajenmu fada ta riƙi kotso da taushi, waɗanda suka fito da su Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, Allah ya jiƙansu. Goge kuwa ya fi zama tare da bori, inda kowane iska ke da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Inna daban, na Ɗangaladima daban. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru biyar yana wa'azi a Zamfara, sannan aka yi jihadin 1804, sai bori ya koma gefe, goge ya bi shi. Malamai suka rubuta yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara da yadda sarauta ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka, amma alƙalaminsu bai bi ta kan masu goge ba.

A ƙarni na 20 kukuma ta samu sabuwar kasuwa a birane da gidajen rediyo, a hannun irin su Garba Supa a Kano da Hassan Wayam, ɗan ƙasar Maradun da ya zauna Zariya. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 fagen ya ƙara ƙuntata.

Ba muna kiran a farfaɗo da bori ba ne, Allah ya kiyaye. Amma waɗannan take suna cikin tsofaffin abubuwan da suka rage mana daga Zamfarar da, kuma ba a takarda suke ba, a yatsun tsofaffi suke. Ƙauyukan da tsofaffin ke zaune kuwa, a yankin Anka da Bukkuyum, 'yan bindiga sun tashi da dama daga cikinsu.