Ruwan pampo a Damagaram da haɗurran cikin gida: abin da mai zuwa birni ya kamata ya sani

 Da wuya a samu gida a nan da ba shi da wani a birnin Damagaram: ɗalibi a jami'ar André Salifou, mai jinya a babban asibiti, ɗan cirani da ke dako a kasuwar Dole, ko ɗiyar da aka kai ɗakin miji. Duk ruwan pampo suke sha, kuma mu mutanen ƙauye mun ɗauka duk abin da ya fito daga pampo tsabtatacce ne. Maganar tana da gaskiya, amma da saura.

Daga ina ruwan ke zuwa

Damagaram a kan dutse take zaune. Duwatsun nan da muke gani a Birni ba a sama kawai suka tsaya ba, har ƙarƙashin garin haka yake, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ke nan ƙishin garin ya girmi iyayenmu.

Shi ya sa ake janyo ruwan daga nesa. A kudu akwai rijiyoyin Gogo da Machaya, inda madatsai ke tare ruwan damina domin ya nutse cikin yashi a samu na ja. A arewa akwai Arunguza, sai Ganaram da aka yi da taimakon ƙasar Sin a shekarun 2000. Na Gogo da Machaya damina yake bi: shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, birni zai ji a jikinshi tun kafin bazara ta kankama. Ga shi jama'a na ta ƙaruwa, sabbin unguwanni na fitowa.

Wajen shugabanci, tun gyaran da aka yi a farkon shekarun 2000, kamfanin gwamnati SPEN ke da kayan aikin, wato rijiyoyi, shato da manyan bututu. Raba ruwan da karɓar kuɗi yana hannun SEEN har ƙarshen 2023. Daga Janairun 2024 kamfanin ƙasa NDE ya karɓa. Ƙananan pampunan ƙauyuka irin namu kuwa tsarinsu daban ne, suna ƙarƙashin kwamin da wanda aka ba riƙon su. A san wannan, don kada a kai kuka inda ba can ba.

Inda ruwa mai kyau ke lalacewa

Kafin a saki ruwan birni ana zuba mishi kulor, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Warin nan mai kama da jabel da baƙo ke ji ya yamutsa fuska, shi ne. Wasu har su ce ba su shan "ruwan magani". To, wannan warin alamar alheri ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a samu aƙalla miligram 0.2 na kulor a kowace lita a inda mutum ke ɗiba, kuma kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya cikin mililita 100.

Matsalar tana farawa ne da ɗaukewar ruwa. Bututun da ke cike, ƙarfin ruwa na turawa waje, ko da akwai ɓula ruwa ne zai fita, ƙazanta ba ta samun shiga. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama wayam, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi. In ɓular tana cikin kwata ko kusa da masai, kun ga abin da zai shiga. Ku lura da siraran bututun roba da ake ja zuwa gidaje, da yawa ta cikin kwata suke bi, wasu an ɗaure su da tsumma ko robar taya. Saboda haka ruwan farko da ya zo bayan yankewa, musamman in ya yi ja ko ya zo da laka, a tara shi daban don wanki ko ban ruwan itace, a jira ya washe.

Sai na biyu, wanda a ganinmu ya fi girma: ajiya. Tunda ruwan ba kullum yake zuwa ba, wani lokaci sai tsakar dare, kowa tarawa yake, a bido, a tano, a randa, a ramin siminti. Kulor ba ya daɗewa. Zafi da rana na cinye shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan ba shi da mai tsaro. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya tsoma har da hannu cikin randa, shi ke nan gida duka an sha. Sau da yawa ana zagin pampo alhali laifin na randa ne.

Haka ruwan ƴan garuwa. Ba mu ce a daina saye ba, ai su ke riƙe da unguwanni da dama, kuma neman halal suke. Amma a tambaya ina aka ɗebo, a leƙa cikin bidon. In ya yi kore a ciki, gansakuka ce. Bidon da aka taɓa zuba esansi, baƙin mai ko maganin ƙwari ba ya komawa na ruwan sha, ko an wanke shi sau goma. Ruwan leda ma, sanyinshi da kyan ledar ba shaida ba ne. A duba ko akwai suna da adireshin mai yin shi.

Damina ita ce lokacin da ya fi haɗari. Mun ga abin da ruwa ya yi a 2024, har tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya faɗi a watan Satumba. In ambaliya ta zo, masai na cika ya tumbatsa, ya haɗu da rijiya da fasassun bututu. Kwalarar 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jahar Damagaram na cikin waɗanda ta taɓa. Ban da kwalara, taifot, zawo da wasu nau'o'in shawara duk ta wannan hanya suke bi.

Abin da ido ba ya gani, tafasawa ba ta cirewa

Ruwa na iya zama garau, babu wari babu ɗanɗano, ya kuma cutar. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tibiri ta jahar Maradi. Rijiyar burtsatsen da aka fara shan ruwanta a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Shekaru aka yi ana sha kafin a gane. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da haƙora masu tsatsa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Iyakar da OMS ta sa ita ce miligram 1.5 a lita. Fulor daga cikin ƙasa yake fitowa, ba ƙazantar kowa ba ce. In kun ga yaran gari guda, masu shan rijiya guda, haƙoransu na yin ja-ja ko dabbare-dabbare, ku nemi a auna ruwan.

Akwai nitirat, wanda ke shiga rijiyoyin cikin gari daga masai, turken dabbobi da taki. Iyakarshi miligram 50 a lita, kuma jarirai ƴan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, yana hana jini ɗaukar iska. Wannan ɗaya ne daga dalilan da likita ke cewa jariri nono zalla har wata shida, ba ruwa. Masu gina masai kuma su bar tazarar aƙalla mita 30 tsakaninshi da rijiya.

Waɗannan biyun, da dalma, tafasawa ba ta fitar da su. In ma aka bar ruwan ya yi ta tafasa yana ƙonewa, ƙara kauri suke. Jabel ma ba ya taɓa su. Awo kaɗai ke nuna su, kuma aikin ma'aikatar ruwa ta jaha ne. Duk garin da aka yi wa sabuwar rijiyar burtsatse, ko ƴaƴan garin da ke waje ne suka haɗa kuɗi suka gina, a nemi takardar awon ruwan kafin a fara sha. Mun san daɗin ranar buɗe pampo kan mantar da mutane wannan takarda.

Gyaran ruwa a gida

Ruwa mai laka sai an fara kwantar da shi. A bar shi ya kwanta, ko a sa alif ko dakakken ƙwayar zogale, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Manyanmu sun san tacewa tun zamanin kurkunu, lokacin da yankin Mirya ke cikin wuraren da cutar ta fi addaba, kafin OMS ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Sai dai tsumma na tare ƙwaron kurkunu ne don yana da girma. Ƙwayar kwalara wucewa take. Ruwa ya washe ba yana nufin ya gyaru ba.

Bayan nan a zaɓi ɗaya. A tafasa har ya yi ta ɓulɓula na minti guda. Ko a jefa ƙwayar Aquatabs: wadda aka fi sani ɗaya ce ga bido mai lita 20 na ruwa garau, a jira minti 30, amma a karanta takardar don girmansu ya bambanta. Ko a cika farar gorar roba mai haske, a kwantar da ita a rana awa 6, in da hadari kwana biyu. Rana dai ba mu rasa ta ba. Jabel na aiki, amma ƙarfinshi ba ɗaya ba ne a kasuwa, kada a auna da ka, a tambayi ma'aikacin CSI.

Abin ajiya ya zama mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa. In randa ce, a rufe ta, moɗa guda mai dogon hannu, a rataye ta sama. Tano da ramin siminti ma a rufe, don buɗaɗɗen ruwa gidan sauro ne, kuma ƙaramin yaro na iya faɗawa ciki da ka.

Sauran haɗurran da ke cikin gida

Hayaƙin girki mun saba da shi har ba mu ɗauke shi cuta ba. OMS ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da goyon da ke bayansu suka fi shaƙa. A yi girki a fili ko a madafa mai taga. Gas ya fi, ga matatar SORAZ a jaharmu tun 2011, amma a duba tiyo, in an ji wari a buɗe ƙofa, kada a kunna ashana ko wuta.

Lokacin ɗari kuma sai a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iskar guba marar wari marar launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, ba ya tashi. Injin wuta da ake kunnawa a zaure ko kusa da taga irin wannan iskar yake fitarwa. Ɗaliban da ke cunkushe a ɗakin haya guda, ku ji wannan da kyau.

Piya-piya maganin ƙwarin gona ne mai ƙarfi, ba na yayyafawa a ɗakin kwana ana ciki ba, kuma bai kamata ya taɓa wake ko busasshen kifi da za a ci ba. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake hayaƙinta na kisa, kada buhun ya kwana ɗaki ɗaya da mutane; buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Kuma don Allah a daina zuba kananzir, esansi ko piya-piya a gorar lemo. Yaro gora yake gani. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura mishi nono ko manja, a ɗauke shi da gorar zuwa likita.

Dalma ita ma tana shiga gida ta ƙofar da ba a zata ba. A Zamfara a 2010, dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin Dareta da Bagega. Masu dawowa daga wuraren haƙar zinariya, kada a daka dutse a tsakar gida ko a turmin hatsi. Fasa tsohon batirin mota ko na sola a gida shi ma haka, kuma wani kwallin dutse na ɗauke da dalma, gara a bar sa wa jarirai.

In zawo ya kama

A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida. Fakitin SRO a cikin lita guda na gyararren ruwa. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, ba tozo. Yaro a haɗa mishi da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono. Zawo kamar ruwan shinkafa, jini a kashi, ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan ba na jira ba ne, ko da dare ne a kama hanyar CSI ana ba shi ruwan a hanya.

Ƴan uwa na waje da ke tambayar me za su aiko: sabbin biduna biyu masu murfi da za a ware wa ruwan sha kaɗai, Aquatabs, sabulu, da ƴan fakitin SRO, a aiko kafin ruwan farko ya sauka. In kuna da ɗalibi a ɗakin haya a birni, ku tambaye shi a waya ina yake ɗibar ruwa, kuma cikin me yake ajiye shi.