Gidajen Baƙi na Wangara a Djougou

Ba a taɓa haƙar zinariya a cikin garin Djougou ba. Mai neman ramukanta sai ya nausa arewa zuwa Perma, kusa da Natitingou. Amma tsohuwar unguwar fatake ta garin sunan 'yan kasuwar zinariya take ɗauke da shi: Wangara. Su ne dai Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385).

Sarki yana zaune a Kilir, baƙi kuwa a Wangara. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja, in ya ƙetare Kwara ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, a nan yake sauke jakunansa. Kowane madugu da maigidansa. Gida ne na ƙasa mai zaure, da ɗakunan baƙi, da turke a tsakar gida, da ɗaki ɗaya mai ƙofar kirki inda ake kulle kanwa da turkuɗi da jar fata.

Maigidan nan ya wuce mai masauki. Shi ne tafinta, domin Dandanci ake yi a kasuwa. Shi ne dillali, shi ke tsaya wa baƙo in za a ba shi bashi, shi ke kai gaisuwa fada. La'ada ce ribarsa, amana kuma jarinsa. A dawowa daga Salaga, a tsakar gidansa ake kwance huhun goro a yayyafa ruwa, a tsince mai tsutsa. Ɗan garin zinariyar Asante da ya biyo kayan, ba a shela da shi. Kada kuma mu yi wa tarihi kwalliya: a cikin hajar da ta kwana a waɗannan gidaje har da bayi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar. Turawa suka shata iyakoki, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Parakou a 1936, ita ta zama babbar tasha. Ginin ƙasa kuwa, in damina uku ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, zaure ne ke fara zubewa, sai jikoki su ɗora bulo da kwano a gurbinsa.