Memuwar: Aikin Ɗaliban Adar da Inda Yake Kwana

A jami'o'in Amurka akwai wata al'ada da ta yaɗu tun farkon shekarun 2000: ɗakin karatu da kansa ne yake ba ɗaliban digirin farko kyauta a kan bincike. Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili tana cikin waɗanda suka yi fice da ita. Ɗalibi yakan miƙa aikinsa, da wasiƙar malamin da ya duba shi, da wani ɗan gajeren bayani kan yadda ya yi nema: ina ya duba, me ya tarar, me ya ajiye gefe kuma don me. Wannan bayanin shi ne abin da mu masu zama bayan teburin aron littafi a Nijar muke gani da idonmu kullum, amma a wajenmu ba ya cikin abin da ake ba maki.

Kyautar da ɗalibinmu ya sani ita ce ta ranar sutunansi, ranar da yake kare memuwar, wato kundin bincikensa. Malamai uku ko huɗu su zauna, yaro ya tsaya cikin sabon ɗinki yana zufa, iyaye sun taso tun daga Badagishiri ko Malbaza sun cika bayan aji, ba su jin Faransanci amma suna karanta fuskar shugaban alƙalan. A fitar da kowa waje, a dawo, a faɗi maki bisa 20, a ce "biyan" ko "tirebiyan", guɗa ta tashi. Bayan kwanaki sai a kawo mana kwafi ɗaya mai bangon roba, mu buga masa hatimi, mu ba shi lamba, mu ɗora a kanta. Yawancinsu a nan suke kwana.

Abin ba haka ya faro ba. Kafin a yi jami'a a ƙasar nan akwai cibiyar IFAN a Yamai tun 1944, wadda ta rikiɗa ta zama IRSH, aka haɗe ta da jami'a a 1974. Ita ce take fitar da jerin littattafan Études nigériennes, kuma ta wannan ƙofar ne Adar ta shiga kantar ɗakunan karatu na duniya. A 1975 kaɗai littattafai biyu suka fito: na Nicole Echard a kan tarihin manoman Adar, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. Na Hamani aikin neman digiri ne tun asali. Ya haɗa abin da ya ji daga bakin tsofaffi da abin da ke rubuce, ya bi sawun Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674, har zuwa sarautar da ta zauna a Illela. Ba don an buga shi ba, da yau jikokin waɗancan tsofaffin ba su da inda za su je su same shi.

Ita jami'ar kanta a 1971 aka buɗe ta a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shekara da shekaru duk ɗan Ƙonni ko Illela da ya ci jarrabawar bak, in ba waje ya fita ba, Yamai ya nufa. A shekara ta huɗu sai ya rubuta memuwar ta metiriz. Ƴan sashen labarin ƙasa da na aikin gona sukan koma gida su yi binciken, don can ne suke da masauki da tuwo kyauta. Ta haka aka tara ayyuka a kan albasar Galmi, da fadamun Ƙonni da ake ba ruwa daga madatsun Mozage da Zango, da kamfanin siminti na Malbaza, da ƴan ci-rani masu tafiya kurmi bayan girbi.

Inda na fi jin ciwon abin shi ne maganar tassa. A ƙarshen shekarun 1980 asusun FIDA ya kawo aikin farfaɗo da ƙasa a yankin Illela. A 1989 aka kai wasu manoma Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka a fako, wato tassa, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru, gero ya fito inda ko ciyawa ba ta tsira a da. Suka dawo suka gwada a gonakinsu. Cikin ƴan shekaru fakon da ba mai kallonsa ya yi kuɗi, har ana saye da sayarwa, samari kuma suka mai da ginar tassa sana'ar rani. Rahotannin masana na waje a kan wannan suna nan, ana ambatonsu a tarurrukan duniya. Ƴaƴan yankin ma sun yi nasu awon, sun ƙirga dammunan gero, sun zauna da masu gonaki a ƙarƙashin gawo. Na taɓa neman irin waɗannan a wani ɗakin ajiya da ba zan kama suna ba, na tarar gara ta cinye rabin wani kundi tun daga gindi, shafin taswirar gonaki ya manne da bangon roba saboda zafi.

Wani dattijo a kasuwar Badagishiri, da ya ji aikin da nake yi, ya ce mini: "Malam, yaranku sun zo sun tambaye mu har bakinmu ya bushe. To ina takardar ta tahi?" Na ce: "Baba, tana Yamai." Ya ce: "Gonar kuwa tana nan."

Daga baya abubuwa biyu suka sauya aikin. Na farko tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007: metiriz ta kau, lisansi ta zama matakin fita na farko bayan shekara uku, aikin ƙarshe a sassa da yawa ya koma rahoton istaj. Na biyu, a 2010 aka kafa jami'o'i a Tawa da Maraɗi da Damagaram, aka ƙara huɗu a 2014. Ta Tawa yanzu sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi. Ɗan Badagishiri ya samu jami'a a jiharsa, kundaye suka ninka, ma'aikatan ɗakin karatu ba su ninka ba. Intanet kuma ta zo da nata: wani ya sauko da memuwar da aka yi a wata ƙasa, ya canza sunan gari. Mai aikin aro yakan gane, domin ya san wanda ya yi wata uku yana naci a kan rajistar tsofaffin kundaye, ya kuma san wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar da ya zo neman takardar shaidar ba a bin sa littafi.

Saboda haka nake ganin kyautar ɗakin karatu za ta fi amfani a Tawa fiye da Barkili. Can kuɗi ne ƙari a kan yalwa. Nan kuwa ko jika hamsin ce, za ta tilasta wasu su zauna su karanta aikin lisansi da idon basira, su tambayi yaro wa ya yi hira da shi, a wane ƙauye, da wane harshe. Sai dai ni da zan tsara ta, kuɗin ba su ne kan gaba ba. Aikin da ya ci sai a ɗora shi a rumbun intanet na DICAMES, wanda hukumar CAMES ta tanada, hukumar da a Yamai aka haife ta a 1968. A kai kwafi ofishin magajin garin da aka yi binciken. Sannan ɗalibin ya rubuta shafi biyu da Hausa, ko da Tamajak in mutanensa ke nan, ya je rediyon karkara ya karanta da bakinsa, ya zauna masu gonakin su bugo waya su gyara masa inda ya yi kure.