Daga Bakolori Zuwa Dokar 2010: Wa Ke Ciyar da Ma'aikaci Idan Ya Kwanta Jinya?

Tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya datse Kogin Sakkwato a Bakolori, kusa da Maradun, aka kuma shiga haƙa magudanan ruwa zuwa filayen Talata Mafara da Bakura. Aikin ya tara leburori da magina da direbobin manyan motoci, waɗanda da yawansu ba su taɓa karɓar albashin wata ba sai a wannan karon. A inda ake fasa dutse da zuba kankare, ba a raba ma'aikaci da haɗari. Idan ƙarfe ya karya masa ƙafa, daga wace rana za a fara biyansa, kuma nawa ne daga cikin albashinsa?

Dokar da ke aiki a lokacin gadon mulkin mallaka ce, wato dokar diyyar ma'aikata ta 1941, wadda aka gina bisa tsarin Ingila. A can, dokar 1897 ta ɗora wa mai kamfani biyan diyya ko da ba shi da laifi a haɗarin, amma da sharuɗɗa biyu masu nauyi. Ba a biyan komai a makonni biyu na farko, kuma abin da za a biya ba zai wuce rabin albashin mako ba. Hujjar masu dokar ita ce kada ƙananan raunuka su cika kotuna, kada kuma zaman gida ya fi aiki riba. Sai dai ga leburan da cefanen gidansa ke jiran kuɗin ranar, kwanakin jira kwanakin bashi ne. Jamus ta bi wata hanyar tun 1884, inda masu kamfanoni ke zuba kuɗi a asusun haɗin gwiwa. Najeriya ta gaji hanyar Ingila: ma'aikaci na bin ubangidansa kai tsaye, idan ya ƙi sai kotu.

Bakolori ta nuna wani giɓi da ya fi wannan faɗi. Dokar ta san ma'aikaci mai ubangida, ba ta san manomi ba. Mutanen da ruwa ya cinye gonakinsu aka mayar da su Sabuwar Maradun, da waɗanda aka hana shuka domin a baje filayensu, sun rasa abincinsu kamar yadda mai rauni ke rasa albashi, amma ba wata doka da ta ƙayyade musu ranar da jiransu zai ƙare. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta taƙaita diyya ga abin da ke kan ƙasa, kamar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ban da ita kanta ƙasar. Da jiran ya yi tsawo, manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu majiyoyin suka ce sun haura 380.

A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake dokar ma'aikata. Ba a biyan diyya sai raunin ya hana mutum samun cikakken albashinsa na aƙalla kwana uku a jere. Mai jinya na karɓar cikakken albashi na wata 6, sai rabi na wata 3, sai rubu'i na wata 15. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi albashin wata 54 a dunƙule, iyalan mamaci kuwa na wata 42. Lissafin na da kyau a takarda, amma hauhawar farashi ta riƙa cinye kuɗin dunƙule cikin 'yan shekaru, kamfanin da ya rufe kuma ya tafi da haƙƙin mutane. An kuma cire masu aikin gona a hannun wanda ma'aikatansa ba su kai 10 ba, wato akasarin 'yan ƙwadagon karkara.

A Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta karkata ga tsarin Jamus. Masu ɗaukar aiki na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. An soke kwanakin jira: diyya na farawa daga ranar aiki ta farko bayan ranar haɗarin. Wanda ya nakasa gaba ɗaya na karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wajibi ne ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda.

Amfanin wannan doka ya dogara ga sunan ma'aikaci a takardar albashi da kuma ubangidan da ke zuba kasonsa. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Talata Mafara na da damar tambaya ko ana zuba masa. Mai dashen shinkafa a filayen Bakura da ake sallama da yamma, da mai haƙar zinariya a dazukan Maradun, ba su da takardar albashi. Ranar da rami ya rufta da ɗayansu, ko injin ban-ruwa ya kama masa hannu, dangi da maƙwabta ne ke ɗaukar jinyarsa da cefanen gidansa, kamar yadda aka saba tun kafin a datse kogin.