Daga Furen Wardin Balkhi Zuwa Ƙwayar Gado: Tarihin Borin Jini a Yara



Ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata ɗaliba a ajinmu da asma ke kayarwa duk lokacin hunturu. Tun tana jaririya take fama da bushewar fata da ƙaiƙayi. Mahaifiyarta ta gaya mini da hawaye cewa dangin miji na cewa daga gidansu ta kwaso cutar. Wannan magana ta tura ni bin tarihin yadda masana suka fahimci gadon wannan lalura.

Na fara da Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925. Ya rubuta risala a kan dalilin da ya sa mura ke kama Abu Zaid al-Balkhi a lokacin da wardi ke fure, kuma ana lissafa ta cikin bayanai mafi daɗewa a kan wannan ciwo. A 1819 likita John Bostock ya bayyana irinsa a Landan daga jikinsa shi kansa, sannan a 1873 Charles Blackley ya gwada garin furanni a kansa ya tabbatar shi ne sila. A 1906 Clemens von Pirquet, likitan yara a Biyenna, ya ƙirƙiro kalmar alaji, wadda mu kan kira wani sashenta borin jini.

Maganar gado ta shigo ne a 1916, lokacin da Robert Cooke da Albert Vander Veer a Amurka suka gano kusan rabin majinyatansu suna da mai irin ciwon a danginsu. Sai dai ba su san abin da ake gada ba. A tsakanin 1966 da 1967 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgE. Shi ne ke sa jiki ya ɗauki ƙura ko gyaɗa a matsayin maƙiyi, ya yaƙe su da ƙaiƙayi, atishawa da toshewar numfashi.

Likitoci sun kuma lura da wani jeri: ƙaiƙayin fata a jarirantaka, sai rashin jituwa da wani abinci, sai asma, sai murar alaji. A 2006 ayarin Irwin McLean a Jami'ar Dundee ta Sikotlan ya ba da wani ɓangare na bayani. Akwai ƙwayar gado mai samar da furotin filagirin, wanda ke liƙe saman fata kamar yaɓen da ke kare katanga daga ruwan sama. Idan ta samu tangarɗa, fata kan bushe ta tsage, abubuwan waje su kutsa, garkuwar jiki ta saba da yaƙarsu, daga baya yaƙin ya iya kaiwa ga huhu. Kimanin mutum 1 cikin 10 na Turawa na ɗauke da wannan tangarɗa, amma nau'o'in da aka gano a Turai ba kasafai ake samun su a 'yan Afirka ba. A 2007 kuma aka danganta wani yanki na kuromosom na 17 da asmar yara. Ke nan ƙwayoyin gadon suna da yawa, kuma suna zuwa daga uba kamar yadda suke zuwa daga uwa.

Gado kuma bai yanke hukunci shi kaɗai. A 1989 David Strachan ya duba yaran Birtaniya sama da 17,000 ya ga masu yayye da yawa ba su cika kamuwa da murar alaji ba. A 2015 binciken Gideon Lack a Landan kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa ya nuna fara ba su abincin gyaɗa da wuri, bisa kulawar likita, ya rage alajin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100. Haka nan yara kaɗan ne ke bin wancan jeri daga farko har ƙarshe.

Da na koma wa mahaifiyar ɗalibar nan, na shaida mata cewa shekaru sama da 100 na bincike ba su ɗora laifin a kan uwa ba. Abin da ke hannun iyaye shi ne shafa wa fatar yaro mai idan tana bushewa, nisanta shi da hayaƙin itace, taba da maganin sauro, da riƙo da maganin shaƙa da likita ya rubuta ba tare da jin kunyarsa ba. Ku da za ku zama iyaye gobe, ku riƙe wannan tun yanzu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.