Daga Ayari Zuwa Wayar Salula: Sauye-sauyen Aiki a Fataucin Goro

Gabatarwa

Masu iya magana suna cewa zamani riga ne. Wannan takarda za ta duba yadda sana'ar fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ta sauya salo, da kuma abin da bai sauya ba a cikinta.

Zamanin Ayari

A ƙarni na 19, fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga Kano cikin ayari, su haye kogin Kwara, su ratsa Borgu, har su isa Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Sukan kai kanwa da fatu da tufafi rinannu, su sayo goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Tafiyar takan ɗauki watanni. Kowa da aikinsa a cikin ayari: madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, ga masu kora jakuna, ga 'yan alaro, waɗanda da yawansu bayi ne. Idan an sauka a zango, maigida ne yake ba da masauki, ya ajiye kaya, ya haɗa baƙo da dillali.

Rushewar Tsohon Tsari

A shekarar 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, sai ikon Asante a kan Salaga ya kau, ciniki ya fara komawa garuruwa kamar Kintampo. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar Salaga. Bayan haka aka shiga kai goro Ikko ta jirgin ruwa, sannan layin dogo ya iso Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya kuma manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi noman irin wannan goro, buƙatar zuwa Gwanja ta ragu.

Ta haka ne aikin madugu da na jagaba suka ɓace. Amma ba kowa ne ya faɗi ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga gidan fatake Agalawa, ya bi hanyar teku da goronsa, sannan ya juya ga sayen gyaɗa a Kano, ya zama hamshaƙin attajiri kafin rasuwarsa a 1955.

Abin da Ya Wanzu

Jirgin ƙasa ya kawar da jaki, babbar mota kuma ta karɓe aikin jirgin ƙasa. A yau ɗan kasuwa yana iya yin ciniki ta waya, ya tura kuɗi ta waya, ba tare da ya bar rumfarsa ba. Duk da haka maigida da dillali suna nan. Dalili kuwa shi ne goro kaya ne mai saurin lalacewa, kuma yawanci bashi ake bayar da shi, don haka dole a sami wanda zai tsaya wa baƙo.

Kammalawa

Wannan tarihi yana nuna cewa na'ura takan fara cinye aikin da ya dogara ga ƙarfin jiki ko sanin hanya. Aikin da aka gina a kan amana shi ne ya fi daɗewa. Matashin da yake fargabar kwamfuta za ta raba shi da abincinsa, ya kamata ya tambayi kansa: aikin jagaba yake yi, ko na maigida?