Sojan Bama da Gidansa: Ciwon Jiki da Ciwon Zuci a Ƙasar Karfi

Karfi gari ne na manoma a ƙasar Malumfashi, watau ƙasar Galadiman Katsina, cikin yankin nan na dawa da auduga wanda ya miƙe har Funtuwa. A zamanin Turawa arzikin irin wannan gari yana kan gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa su ke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, su biya haraji tare. Ƙarfin gandu kuwa yawan hannuwa ne. Sabo da haka duk ran da aka ɗauke saurayi guda aka sa masa kakin soja, gida ɗungum ya shiga aikin, kuma duk abin da ya samo a fagen fama, gidan nan ne zai karɓa.

Hausawa sun daɗe a aikin sojan Ingilishi. Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara waɗansu a Ikko, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki, a Zariya kuma a ke horad da kurata. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai neman mutane ya riƙa biyowa ta hannun sarakuna, ya sauko kan hakimai da dagatai, har ya kai ƙauyukan Lardin Katsina. Na farko sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka kwashi Runduna ta 81 zuwa Indiya, ta 82 ta bi bayanta a 1944, suka gwabza da Jafan a dazuzzukan Bama. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya duk tunawa ne da wannan yaƙi.

Cuta ta fi harsashi kwantad da mutane a Bama. Janar Slim, wanda ya shugabanci Runduna ta 14, ya rubuta cewa a 1943 in aka fid da soja ɗaya don rauni, an fid da 120 don rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro da atuni su ne kan gaba. Aka tilasta shan ƙwayar mefakirin kowace rana, har a kan hukunta hafsan da mutanensa suka yi sakaci, ko da ya ke jita-jita ta bazu cikin sojoji cewa ƙwayar tana kashe ƙarfin namiji. Da yawa daga mutanen Runduna ta 81 'yan dako ne, suna ɗauke da kaya a ka cikin duwatsu da ruwan sama inda mota ba ta shiga. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya tafi can da kansa ya gaishe su kafin a gama yaƙin.

A gida kuwa wata wahala ce dabam. Gandun da ya rasa majiyin ƙarfinsa sai ya rage gona ko ya nemi ƙodago. Matar soja tana zaune hannun surukai, ko ta koma gidan iyayenta, wasiƙa sai a yi watanni ba ta zo ba, in ta zo ma sai an nemi mai karantawa. Idan labarin miji ya yanke, shari'a ce za ta raba gardama. Littafin Risala, wanda almajirai ke karantawa ko'ina a ƙasar Hausa, ya yanka wa matar mafƙudi shekara huɗu daga ran da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi takaba. Wannan zama, ba aure ba zawarci, shi ma ciwo ne, ko da ya ke ba wanda ya ke kiransa haka.

Yawancin sojojin sun komo a 1946. Wanda ya rasa ƙafa ko ido, kowa yana ganin rauninsa, gwamnati ma tana da hanyar lasafta shi. Amma akwai wanda ya dawo jikinsa garau, ga shi barci ya gagare shi, yana firgita cikin dare, tsawa ko ƙarar bindigar maharbi ta sa shi makyarkyata, ya yi fushi ba dalili, ko ya ƙaurace wa dandali. Likitocin Ingila sun ba irin wannan hali suna tun 1915, suna danganta shi da girgizar igwa. Sai a 1980 likitocin Amurka suka shigar da shi littafinsu da sunan ciwon damuwa mai biyo bayan mummunan tashin hankali. Bahaushe kuwa sai ya ce wane ya zautu, ko ya taɓu, ko ya yi gamo.

Abin da gwamnati ta tanada kaɗan ne, kuma yana nesa. Dokar mahaukata ta 1916 tsarewa ta sa gaba, ba warkarwa ba. Gidan mahaukata na Yaba, wanda aka buɗe a 1907, yana Ikko. A 1944 aka mai da wani tsohon kurkuku a Lantoro, cikin Abeokuta, wurin ajiye masu taɓin hankali, sojojin da aka komo da su na cikin waɗanda aka fara kai wa can. A Arewa, wanda haukansa ya kai ga ɓarna a kan kulle shi ne a wani sashe na gidan yarin En'e. Ba mai gidan da zai so a kai ɗansa can matuƙar yana iya riƙe shi.

To, sai nauyin ya faɗo kan gida. A je wa malam ya yi rubutu da tofi, a nemi boka ya ba da hayaƙi da saiwoyi, in an ɗora abin kan iskoki a kai wa 'yan bori su yi girka. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa mutanen wurin su kan gwada wannan magani su gwada wancan, ba su cika damuwa da sanin asalin cuta ba, sauƙi su ke nema. Wannan hanya tana da amfaninta: majinyaci bai rabu da danginsa ba, yana da gona, yana da masu kiransa da sunansa. Tana kuma da illarta. Wanda ya gagara a kan sa shi a mari. Kunya ta kan hana namiji, balle wanda a ke yi wa kirarin jarumi, ya ce tsoro ya ke ji. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ita ce ke shan ihun dare da duka, a ce mata ta yi haƙuri.

Likita Thomas Adeoye Lambo ya gane cewa ba a raba mai ciwon zuci da mutanensa. A 1954 ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci zai sauka a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Watau ya haɗa ilmin asibiti da abin da garuruwa irin su Karfi su ke yi da ma don ba su da wata dabara.

Abin bai ƙare da Bama ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura sojan Nijeriya daga wajen 10,000 zuwa wajen 250,000, daga baya aka sallami da yawa suka koma ƙauyukansu. Daga 2009 aka shiga yaƙi da Boko Haram, sa'an nan 'yan bindiga suka kawo faɗan har gonakin kudancin Katsina. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka a Abuja ta ke, mai ciwon kuwa yana ɗakin matarsa. Duk tanadin da za a yi wa soja, in bai haɗa da ita da 'ya'yanta da tsohon da ke riƙe da gandu ba, an bar masu jinyar na ainihi a waje.